Daga Takarda Zuwa Allon Waya: Yadda Katun ɗin Japan Ke Riƙe Amanar Littafi, da Yadda Yake Cin Ta

A Babbar Kasuwar Katsina, wadda ake kira Kasuwar Fatima Baika, labari ma haja ne. Akwai masu littattafai da ke baje Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi kusa da littattafan addini da na makaranta. Akwai kuma samarin da ke zaune gaban kwamfuta suna tura wa mutane fina-finai a waya ko a memori. A da, abin da ake nema wurinsu bai wuce fim ɗin Hausa da fassarar Indiya da na 'yan Cana masu faɗa ba. Yanzu an sami ƙarin wata haja, wato fina-finan zane na ƙasar Japan da ake kira anime, waɗanda mu kan haɗa su da sauran mu ce katun. Sunaye irin su Naruto da One Piece da Demon Slayer sun zauna a bakin yaran sakandare da ɗaliban jami'a, har za ka ji ana musu a kan wane jarumi ya fi wani ƙarfi.

Abin da yawancin masu kallon ba su lura da shi ba shi ne, kusan duk waɗannan fina-finai daga littafi aka ciro su. Kafin Naruto ya motsa a allo, sai da Masashi Kishimoto ya zana shi a takarda, babi bayan babi, daga 1999 zuwa 2014. Irin waɗannan littattafai na labari cikin zane su ake kira manga. Da yake littafin ba ya zuwa kasuwanninmu, fim ɗin kaɗai yaro ya sani. Shi ya sa idan labari ya yi ta jan ƙafa, ko ya ƙare ba kai ba gindi, sai ya ɗora wa marubucin laifi, alhali sau da yawa marubucin bai san hawa ba bai san sauka ba. To yaya ake mai da littafin zane fim? Me ke lalacewa a hanya? Kuma da me za a auna cewa fim ya riƙe amanar littafin da aka ciro shi?

Lissafin da ke haifar da matsalar

Manga ba ya fara fitowa a matsayin littafi. Mujalla ce ke ɗauke da shi tukuna. Mafi shahara cikinsu ita ce Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda ta fara fitowa a 1968, kuma a 1995 ta kai ana buga kwafi sama da miliyan 6 a mako guda. Kowane mako marubuci zai miƙa babi ɗaya mai kimanin shafi 19, zanen baƙi da fari, ana karanta shi daga dama zuwa hagu yadda muke karanta ajami. Idan babi ya taru kamar goma, sai a haɗa a buga kundi guda. Labarin da masu karatu suka juya wa baya, mujalla kan sallame shi ba da jimawa ba. Wanda ya karɓu kuwa, kamfanonin fim sukan biyo shi.

A nan lissafi ke shigowa. Kashi ɗaya na fim ɗin talabijin yana cin kamar minti 23 ko 24. Shafi 19 na zane kuwa mutum zai karanta shi cikin minti biyar zuwa goma. Don haka kafin a cika kashi ɗaya, akan buƙaci babi biyu ko uku. Ke nan fim yana cinye a mako ɗaya abin da marubuci ya yi mako biyu ko uku yana zanawa. Tun ranar 1 ga Janairu 1963, da Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a talabijin, Japan ta saba da tsarin kashi ɗaya duk mako. Idan aka fara fim alhali littafi bai ƙare ba, ko ba jima ko ba daɗe sai fim ya tarar da marubuci a kan teburinsa. Gidan talabijin ba zai bar gurbinsa fanko ba, masu talla sun biya, masu sayar da kayan wasan yara suna jira. Abin da kamfani ya yi a wannan gaɓa shi ke nuna ko zai riƙe amana ko zai ci ta.

Ciko, ja, tsallake da yada zango

Dabara ta farko ita ce ciko. Masu fim sai su ƙirƙiro nasu ƙananan labarai da babu su a littafi, su yi ta nunawa har marubuci ya yi nisa. Abin kamar mai girki ce da baƙi suka yi wa yawa ta ƙara ruwa a miya: kowa zai samu, amma ɗanɗano ya gudu. Naruto shi ne babban misali. Littafin babi 700 ne a kundi 72. Kamfanin Pierrot ya yi masa kashi 220 daga 2002 zuwa 2007, sannan ya ƙara kashi 500 da sunan Naruto Shippuden har zuwa 2017. A zubin farko, daga bayan kashi na 135 har kusan ƙarshe, wajen kashi 80 a jere, kusan duk ciko ne. Matsalar ciko ita ce ba a yarda ya canza komai ba. Jarumi ba zai koyi wani sabon abu mai ɗorewa ba, babu wani babba da zai mutu, domin dole a mai da kowa inda marubuci ya ajiye shi. Yaron da ya biya kuɗi aka cika masa memori da waɗannan, ya sayi abin da ko bai kalla ba bai rasa komai ba.

Dabara ta biyu ita ce ja. One Piece na Eiichiro Oda ya fara fitowa a mujalla a 1997, kamfanin Toei ya fara fim ɗinsa a 1999, yau kuma ya haura kashi 1,100. Maimakon yawan ciko, Toei ya fi karkata ga rage gudu. A ɓangaren labarin da ya faru a tsibirin Dressrosa, littafi ya yi babi 102, fim kuwa ya yi kashi 118. Wato kashi guda bai cinye ko babi ɗaya cikakke ba. Sai a yi ta maimaita abin da ya wuce, a nuna fuskar wannan yana mamaki, a nuna ta wancan, naushi ɗaya ya ɗauki minti guda kafin ya sauka. Ba a cire komai daga littafin ba, amma an kashe masa zafi. Masu abin ma sun san da haka: a Disamba 2023 aka sanar cewa kamfanin WIT zai sake yin One Piece tun daga farko, kuma daga Oktoba 2024 zuwa Afrilu 2025 Toei ya dakatar da ci gaban labarin don a numfasa.

Ta uku ita ce tsallake, kuma ta fi sauran muni. The Promised Neverland labari ne na wasu marayu da suka gano cewa gidan da ake renonsu gonar kiwo ce ta dodanni. Littafin babi 181 ne. Zangon farko na fim, a 2019, ya ɗauki babi 37 a kashi 12, ya kuma sha yabo. Zango na biyu, a 2021, ya cusa ragowar babi sama da 140 a kashi 11. An zubar da ɓangarori sukutum, an shafe mutanen da masu karatu suka fi ƙauna, aka ƙare labarin da jerin hotuna marasa motsi.

Ta huɗu kuwa ita ce a yada zango a tsakiyar hanya a ƙi tashi. Akwai wani labari mai suna Magi, na marubuciya Shinobu Ohtaka, wanda duk Bahaushen da ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai gane sunayen cikinsa: Aladdin, Alibaba, Morgiana da Sinbad. Littafin ya fito daga 2009 zuwa 2017 a kundi 37. Kamfanin A-1 Pictures ya yi masa zango biyu, kashi 25 kowanne, tsakanin 2012 da 2014, ya tsaya a wajen rabin labarin. Wanda fim ɗin kaɗai ya sani, har yau bai san yadda aka ƙare ba.

Labari ɗaya, fim biyu

Babu inda za a ga wannan al'amari ƙarara kamar a Fullmetal Alchemist, domin kamfani ɗaya, wato Bones, ya yi wa littafi ɗaya fim sau biyu ta hanyoyi biyu mabambanta.

Marubuciyar ita ce Hiromu Arakawa, wadda ta tashi a gidan makiyaya masu gonar shanun madara a tsibirin Hokkaido. Ta fara labarin a 2001 a mujallar wata-wata ta Shonen Gangan, ta kammala a 2010, babi 108 a kundi 27. Labarin wasu 'yan'uwa ne biyu, Edward da ƙanensa Alphonse Elric, a wata ƙasa ta ƙirƙira inda alkimiya, wato ilimin juya wani abu ya koma wani, ta zama sana'a har sojoji na ɗaukar masu ita aiki. Mahaifiyarsu ta rasu suna ƙanana. Ƙuruciya da zafin maraici suka sa suka yi abin da aka haramta, suka nemi dawo da ita. Ba ta dawo ba. Edward ya rasa ƙafar hagu, Alphonse ya rasa jikinsa duka, sannan Edward ya ba da hannun dama don ya ɗaure kurwar ƙanensa a jikin wani sulke na ƙarfe. Daga nan suka shiga duniya neman wani dutse da aka ce zai mai da musu jikinsu, har suka gano cewa da rayukan mutane ake haɗa shi. Dokar da ke ɗauke da labarin gaba ɗaya ita ce ba a samun komai sai an ba da kwatankwacinsa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.

An fara fim na farko a Oktoba 2003, ƙarƙashin darakta Seiji Mizushima, lokacin littafin bai wuce kimanin rubu'insa ba. Kowa ya san za a tarar da marubuciya. Ita da kanta ta amince masu fim su bi tasu hanyar, su yi ƙarshen da ya bambanta da nata. Haka aka yi kashi 51. Daga wajen tsakiya labarin ya rabu da littafi. Babban maƙiyi ya zama wata tsohuwa mai suna Dante, wadda babu ita a littafi. Halittun da ake kira homunkulus aka mai da su sakamakon yunƙurin tada matattu, har ɗaya daga cikinsu ta fito da siffar mahaifiyar yaran. A ƙarshe 'yan'uwan suka rabu, Edward ya tsinci kansa a duniyarmu, a birnin Munik na Jamus, inda fim ɗin silima na 2005 ya ɗora.

A Afrilu 2009, da littafi ya kusa ƙarewa, Bones ya sake ɗaura ɗamara da darakta Yasuhiro Irie, aka yi Fullmetal Alchemist: Brotherhood, kashi 64. Wannan karon an bi littafi har ƙarshe. Arakawa ta sanar da masu fim yadda za ta rufe labarin tun kafin ta buga, shi ya sa babin ƙarshe ya fito a Yuni 2010, kashin ƙarshe na fim ya biyo baya a farkon Yuli. Mutanen da fim na farko bai san da su ba duk suka bayyana: Ling Yao da May Chang daga ƙasar Xing ta gabas, da Janar Olivier Armstrong mai tsaron ganuwar Briggs a arewa. Yaƙin kisan ƙare-dangi na Ishval, wanda shi ne tabon da ke jikin sojojin labarin, ya sami bayaninsa yadda marubuciya ta tsara. Ƙarshen kuma ya cika alkawarin farko: Edward ya sadaukar da alkimiyarsa gaba ɗaya, abin da ya fi taƙama da shi, ya karɓo jikin ƙanensa, ya koma mutum kamar kowa.

Mai gaggawa zai ce magana ta ƙare, na biyu ya riƙe amana, na farko ya ci. Amma a duba da kyau. Brotherhood ya ɗauka cewa mai kallo ya riga ya ga fim na farko, sai ya yi gudu a kashin farko-farko. Ya tsallake labarin fashin jirgin ƙasa, ya taƙaita na garin masu haƙar ma'adinai na Youswell. Akwai wata yarinya, Nina, wadda abin da mahaifinta ya yi mata yana cikin mafi ɗacin abin da ke littafin. A fim na 2003 Edward da Alphonse sun zauna gidan su Nina tsawon lokaci, mai kallo ya saba da ita kafin masifar ta auku. A Brotherhood kashi ɗaya tak, na 4, aka yi komai aka gama. Haka Maes Hughes, wani soja mai yawan nuna hoton 'yarsa: a fim na farko sai a kashi na 25 aka kashe shi, bayan ya shiga ran kowa, a na biyu kuwa tun a kashi na 10. Saboda haka fim ɗin da ya kauce wa littafi ya fi isar da zafin waɗannan wurare biyu fiye da wanda ya bi shi.

Duk da haka, in aka ɗora su a sikeli, Brotherhood ya rinjaya, kuma dalilin ya wuce yawan shafukan da ya kwafa. Arakawa ta gina labarinta yadda abin da aka shuka a babi na goma sai a babi na casa'in zai yi tsiro, kowane ƙaramin mutum yana da aikin da zai yi a ranar ƙarshe. Wanda ya sauka daga wannan gini a tsakiya dole ya bar igiyoyi suna reto, kuma hakan ta faru a fim na farko. Darasin da ke nan biyu ne. Bin littafi sawu da ƙafa bai isa ba, sai an ba kowane wuri lokacin da yake buƙata. Kaucewa kuma ba laifi ba ce in an yi ta da izinin mai abu, an kuma san abin da labarin ke son faɗa.

Abin da allo ke iya ƙarawa

Fim yana da kayan aikin da takarda ba ta da su: motsi, launi, murya, kiɗa da shiru. Kamfanin da ya san amfaninsu kan ɗaga littafi sama da inda yake. Demon Slayer na Koyoharu Gotouge ya fara fitowa a 2016, kuma lokacin da kamfanin Ufotable ya fara fim ɗinsa a Afrilu 2019, kwafin littafin da ke yawo kimanin miliyan 3.5 ne. Ba a canza labarin ba. Faɗan da littafi ya gama a 'yan shafuka ne aka ƙawata, musamman a kashi na 19, har duniya ta ɗauka. Zuwa Fabrairu 2021 kwafin littafin ya haura miliyan 150. Fim ɗinsa na silima mai suna Mugen Train da ya fito a Oktoba 2020 ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan kaɗai, abin da babu fim ɗin da ya taɓa yi a ƙasar kafinsa.

Frieren kuwa ta wata fuskar ya burge. Labarin wata matsafiya ce mai tsawon rai wadda abokan tafiyarta mutane suka tsufa suka mutu, sai daga baya ta gane ba ta san su yadda ya kamata ba. Labari ne mai tafiya a hankali. Kamfanin Madhouse, da darakta Keiichiro Saito, bai tsorata da wannan sanyin ba. A ranar 29 ga Satumba 2023 aka nuna kashi huɗu na farko a haɗe, don mai kallo ya shiga yanayin kafin a kai ga faɗa, aka yi kashi 28 aka dakata. Abin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne tsarin zango: a yi kashi 12 ko 26, a huta shekara ɗaya ko biyu, marubuci ya yi nisa, masu zane su sami sarari. Wannan tsari shi ne maganin ciko, kuma shi ya fi yawa a yau.

Sai dai ƙari ma yana da nasa haɗarin, kuma akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye. A 2008 Musulmi suka gano cewa a wani fim na JoJo's Bizarre Adventure an nuna mugun da ke cikin labarin yana duba littafi mai ɗauke da ayoyin Alƙur'ani. Babu wannan rubutu a manga ɗin Hirohiko Araki. Masu fim ne suka ɗauko rubutun Larabci don ado ba tare da sanin mene ne ba. Shueisha da kamfanin fim ɗin suka ba da haƙuri, aka dakatar da sayarwa. A 2019 ma kamfanin Aniplex ya janye wani faifan kiɗan Demon Slayer saboda an sa sautin kiran salla a ciki. Wannan ya isa ya tunatar da iyaye cewa zane ba shi ke nuna abu na yara ba ne. A Japan kanta ana raba manga bisa shekarun masu karatu, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke wayoyin yaranmu akwai jini da tsiraici da aƙidun da ke buƙatar babba ya zauna ya yi bayani.

Mu ma mun san wannan aiki

Ɗauko labari daga wani wuri a sake masa riga ba baƙon abu ba ne a Katsina. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya. Yayansa Muhammadu Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki a wannan gasa. Da Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa da labaran Indiya da Farisa, amma ya zaunar da su a fada da kasuwa da ƙauyen Hausa har mai karatu ba ya jin baƙunta. Ahmadu Ingawa kuma ya ɗauko labarin jarumin Rashawa Ilya Muromets, gurgun da ya warke ya zama barde, ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, Sarki Vladimir na Kiyef ya koma Waldima na birnin Kib. Babu ɗayansu da ya kwafa kalma da kalma. Sun gane abin da ke riƙe da labarin, suka kiyaye shi, suka sake sauran.

Daga littafi zuwa allo ma mun taɓa. Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a bikin fina-finai na Balin a 2018. Gidan talabijin na NTA ya yi wasan Magana Jari Ce. An yi fim ɗin Ruwan Bagaja a ƙarshen shekarun 1980, aka yi na Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a farkon shekarun 1990. Farkon Kannywood ma da littafi ya jingina: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu duk sun zama fim a shekarun 1990.

Yau yanayinmu ya ƙara kama da na Japan. Marubuta, yawancinsu mata, suna sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na jiran ci gaba kullum. Fina-finai masu dogon zango suna fita duk mako a YouTube da tashoshin talabijin. Cututtukan da muka lissafa a sama duk muna ganinsu: labarin da ya kamata ya ƙare a kashi ashirin a ja shi zuwa ɗari saboda talla na shigowa, ko a tsaya a tsakiya don kuɗi sun yanke, ko a sauya ƙarshe ba da sanin marubuciya ba.

Akwai kuma taskar da kyamara ta kasa taɓawa yadda ya kamata. Ƙasar aljanu a Ruwan Bagaja, yaƙe-yaƙen Ganɗoki, ƙattin da Iliya ya kara da su, duk abubuwa ne da ke cin kuɗi mai yawa in da mutane za a ɗauka, amma alƙalamin mai zane ba ya jin nauyinsu. Ranar da matasanmu masu zane a kwamfuta za su ɗauki waɗannan littattafai, ma'aunin da za a auna su da shi shi ne wanda muka gani a Fullmetal Alchemist. Ran Ruwan Bagaja yana cikin bakin mai ba da labari da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Wanda ya kashe kuɗinsa kan aljanu ya rage Zurƙe, ya yi wani fim ne daban. Littafi na farko na Magana Jari Ce kuma ya tsaya ne a kan akun da ke riƙe ɗan sarki Musa da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. In aka cire wannan, sai a bar tarin tatsuniyoyi da babu abin da ya ɗaure su.

Don haka ga kira. Mai kallo, kafin ka ba da waya a cika maka, tambayi ko labarin ya ƙare, ka kuma nemi sanin waɗanne kashi ne ciko, in ka sami hali ka karanta littafin. Iyaye, ku zauna ku kalli kashi ɗaya ko biyu na abin da yaranku ke kallo. Masu shirya fim, ku nemi izinin marubuci ko magadansa da kamfanin da ya buga littafin, ku biya haƙƙinsu, ku sa marubuci a cikin aikin, kuma kada ku fara ɗaukar labarin da ba ku san ƙarshensa ba. Marubuta kuma, duk wanda ya zo neman littafinku, a rubuta yarjejeniya a takarda, a fayyace abin da aka yarda a canza da wanda ba a yarda ba, tun kafin a kunna kyamara.